Mai Fatsar Nishaɗi da Mai Fatsar Neman Tuwo a Gaɓar Legas

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Falomo ranar Asabar da hantsi ya leƙa ƙasa, zai ga fararen jirage masu inji suna keta ruwan Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island. Wasu sun kwaso iyali da kulolin abinci za su Tarkwa Bay, wasu sun nufi gidajen hutu na Ilashe da Ibeshe. Wasu 'yan kaɗan kuma sun jera dogayen sandunan fatsa a bayan jirgi, za su fita ta mashigar jiragen dakon kaya su faɗa tekun Atlantika neman barakuda da tuna da kifin nan mai dogon tsinin baki da ake kira malin. A daidai wannan lokaci, can ƙarƙashin gadar Third Mainland, kwale-kwalen mutanen Makoko ne ke dawowa daga kamun kifin dare, matansu na jira da itacen banda. Na farko ya shiga ruwa don ya huce gajiyar mako, na biyun kuma don a ɗora tukunya a gidansa. Ba na ganin laifin ko ɗaya a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda Legas ta ɗauki shekaru fiye da talatin tana faɗaɗa wa na farko wuri ta hanyar korar na biyun, alhali gaɓar ta ishe su duka.

Yawon shaƙatawa a jirgi ya daɗe a birnin. An kafa Lagos Yacht Club a 1932, zamanin Turawa, domin masu tseren jiragen da iska ke turawa, sannan Lagos Motor Boat Club ta biyo baya a 1950 a kan titin Awolowo da ke Ikoyi. A da harkar ta ma'aikatan mulkin mallaka da manyan kamfanonin fatake ce. Yau yawancin masu jiragen 'yan ƙasa ne, attajirai da lauyoyi da manyan ma'aikatan banki da na mai, kuma a bayan kowane jirgi akwai matuƙi da makaniki da mai wanki da mai gadi da ke cin abinci a jikinsa. Jihar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗinta ruwa ne, idan mutanenta ba su more ruwan ba, me za su mora?

Na san akwai mai karatu a Kano ko Gusau da zai taɓe baki ya ce wannan ai aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Mutum ya ƙona man da zai kai tirela Kaduna, ya yini a rana yana kokawa da kifi ɗaya, ya jawo shi gefen jirgi, a ɗauki hoto, sannan ya cire ƙugiya ya sake shi ya tafi! Amma kafin mu yi saurin yanke hukunci, mu tuna Argungu. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, ake tara dubban mutane a bakin Matan Fada su faɗa ruwa da gora da homa. Wanda ya fito da ƙaton giwan ruwa ba yunwa ce ta sa shi nutsewa ba, suna yake nema da kyauta da kirari. Ga tseren kwale-kwale, ga kamun agwagwa, ga gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Wato mu ma mun san su na nishaɗi, mun kuma san shi da ƙa'ida, domin a wannan yanki na kogin ba a barin kowa ya jefa koma sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. Hanin nan ne ya sa kifin ke girma har ya zama abin kallo.

Ta fuskar addini ma maganar a fili take. Alƙur'ani ya halatta mana abin da muka kamo daga teku, malaman mazhabarmu ta Malikiyya kuma sun karhanta farautar da ba ta da wata manufa sai wasa. Ni dai na fi natsuwa da mai fatsar da zai kama daidai abin da gidansa da maƙwabtansa za su ci, ya mayar da ƙanana da masu ƙwai cikin ruwa ba tare da ya wahalar da su ba. Wannan ya samu hutunsa, ya kuma bar wa gobe rabonta. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo, kuma idan aka dubi yadda muke asarar rayuka a koguna, za a ga hikimar umarnin. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse da ɗimbin mutane a kusa da Warra ta jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu a yankin Pategi na jihar Kwara. Al'ummar da 'ya'yanta suka saba da ruwa tun suna ƙanana, suka iya iyo, suka ɗauki sa rigar kariya a matsayin abin da ba a shiga jirgi sai da shi, ba za ta riƙa binne mutane haka ba. Don haka ni ina cikin masu son harkar wasan ruwa ta yaɗu, ta sauko daga hannun 'yan tsiraru ta iso ga ɗan mai shayi da ɗan mai gadi.

Sai dai a Legas akasin haka ake yi, kuma tarihin a rubuce yake. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, unguwar bakin ruwa da aka ƙiyasta mutanenta sun kai 300,000. Filin yau yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. A watan Yulin 2012 aka ba mutanen Makoko wa'adin sa'o'i 72, aka shiga da adduna da zarto ana sare turakun da gidajensu ke tsaye a kai cikin ruwa. A watan Oktoban 2016 gwamna Akinwunmi Ambode ya sanar da cewa za a rushe matsugunan bakin ruwa a faɗin jihar, bisa hujjar cewa masu garkuwa da mutane na fakewa a cikinsu. Wata guda bayan haka wuta da katafila suka isa Otodo Gbame, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Egun da ke gefen Lekki. Aka sake komawa a watan Maris da na Afrilun 2017, har aka kora mutane cikin kwale-kwalensu zuwa tsakiyar tafkin Legas, mata da jarirai da tsofaffi suna kallon hayaƙin gidajensu daga kan ruwa. Amnesty International ta ce waɗanda aka raba da muhallinsu a wurin sun haura 30,000. A watan Yunin 2017 babbar kotun jihar ta yanke hukuncin cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma umarci gwamnati ta zauna da mutanen a kan batun sake tsugunar da su. Hukuncin ya zo bayan ƙauyen ya riga ya zama fili, an kuma ci gaba da cike wurin da yashi domin gine-gine.

Labarin Tarkwa Bay ne ya fi tsaya mini a rai, domin a can ne kaɗai aka ga yadda abin zai iya kasancewa. Wuri ne da ba a zuwansa sai ta jirgi, ruwansa a kwance saboda katangar duwatsun da Turawa suka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa. Mai kuɗi na zuwa da jirginsa, ɗalibi da ma'aikaci na zuwa da na haya, mazauna wurin kuma su ne masu ba da hayar rumfa da kujera, masu gasa kifi, masu tuƙa jirgi. Yaransu sun koyi hawan igiyar ruwa a kan allo har suka fara jan hankalin baƙi daga ƙasashen waje. A ranar 21 ga Janairun 2020 sojojin ruwa suka iso da harbi sama, suka ce kowa ya kwashe nasa ya bar wurin nan take. Dubban mutane suka kwana a titi. Hujjar da aka bayar ita ce fasa bututun mai, kuma gaskiya ne ana satar mai a bututun da ya ratsa yankin daga ma'ajiyar mai ta Atlas Cove. To amma ɓarawon mai yana da suna, yana da jirgi, yana da wanda ke saye a hannunsa. Aikin hukuma ne ta kamo shi ta kai shi kotu. Korar gari guda saboda shi zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ba ina cewa ƙungiyoyin masu jiragen shaƙatawa ne suka aika katafila ba. Ban ga shaidar haka ba, kuma ba zan ɗora musu laifin da ba nasu ba. Abin da nake cewa shi ne, son zama a bakin ruwa, gida mai kallon tafki da matsayar jirgi a bayansa, shi ya mayar da kowane taku na gaɓar ya zama zinariya. Da zarar fili ya yi irin wannan daraja, sai masuncin da kakanninsa suka zauna a wurin tun babu mai so ya koma "baƙo" ko "ɗan share-wuri-zauna" a takardar hukuma. Wanda ya tsira daga kora kuma bai tsira daga masu haƙar yashi ba. Injinan da ke zuƙo yashi daga ƙasan tafki don cike sababbin unguwanni suna dagula ruwa, suna lalata wuraren da kifi ke zuba ƙwai, sai masunci ya yi ta nisa yana ƙona mai kafin ya samu abin da a da yake samu a ƙofar gida. Ga kuma jirgi mai gudu da zai wuce shi ya tayar da igiyar da za ta iya kifar da ƙaramin kwale-kwale, ko farfelarsa ta yanke ragar da aka ci bashi aka saya. Zaman ya koma na kashin dankali, manya a kan ƙanana.

Talakan da ba masunci ba ma an raba shi da teku. Mutanen da suka san Legas a shekarun 1970 da 1980 za su gaya maka cewa Bar Beach ta kowa ce. Ranar Sallah ko Kirsimeti ko Lahadi, iyali za su hau bas su je su zauna a kan yashi, yara su hau doki, babu mai tambayar ko sisi. Zaizayar teku ta cinye ta sannu a hankali, kuma asalin zaizayar katangun duwatsun nan ne da aka gina a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma. Maganin da aka yi shi ne Eko Atlantic, sabon birni a kan filin da aka ƙwato daga teku, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, da katangar kariya mai tsawon fiye da kilomita 8. Katangar ta kare Victoria Island daga ambaliya, wannan ba a musu. Amma wurin shan iskar talaka ya tafi, ba a kuma ba shi madadinsa ba. Yau kusan duk wani yashin bakin teku da ke kusa da gari yana da ƙofa da mai karɓar kuɗi, ban da kuɗin ajiye mota da na kujera. Akwai 'ya'yan Hausawa da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Mile 12, suka girma suka yi aure a birnin, ƙafarsu ba ta taɓa taka ruwan gishiri ba. Masu kuɗin ma sun ɗanɗana a watan Afrilun 2024, lokacin da aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark don hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita 700. Wannan rusau ya samu kukan da Otodo Gbame ba ta samu rabinsa ba.

Ƙasashen da wasan ruwa ya zama jinin jikin mutanen gaɓa ba haka suka bar abin sakaka ba. A Amurka, tun 1950 akwai dokar da ake kira Dingell-Johnson, wadda ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa. A 1984 aka ƙara mata wani kaso na harajin man da jiragen shaƙatawa ke sha. Ana raba kuɗin ga jihohi, ana kashe su wajen kula da kifi da muhallinsa, kuma dole kowace jiha ta kashe kashi 15 cikin 100 na rabonta wajen gina matsayar jirage da wuraren da kowa zai iya sauke jirginsa a ruwa. Mai fatsa yana sayen lasisi, an ƙayyade masa yawan kifin da zai ɗauka a rana da tsawon da bai kamata ya kama ƙasa da shi ba, akwai kuma watannin da ake rufe kamun wasu nau'o'i. A Faransa, dokar 1976 ta tilasta wa duk mai fili a bakin teku ya bar hanyar ƙafa mai faɗin mita 3 domin jama'a su wuce. Komai kuɗinka ba za ka kai katangarka har cikin ruwa ba.

Amurkan dai tana da darasi na biyu, wanda ya fi kusa da halin da muke ciki. A watan Nuwamban 1994 masu fatsar nishaɗi a jihar Florida, da mujallunsu da ƙungiyoyinsu da kuɗinsu, suka kai batun hana amfani da ragar da ke maƙale kifi ta wuya gaban masu zaɓe, kashi 72 cikin 100 suka amince. Dokar ta fara aiki a watan Yulin 1995. Kifi ya ƙaru a wasu wurare, amma iyalan da suka gaji su kaka da kakanni a ƙananan garuruwan gaɓa irin su Cortez suka wayi gari an haramta kayan sana'arsu. A Cedar Key sai da aka sake koya wa masunta kiwon wata halittar ruwa mai ƙwanso kafin garin ya farfaɗo. Idan haka ta faru a ƙasar da aka biya diyyar raga aka kuma koyar da sabuwar sana'a, me ake tsammani a inda ake ba mutum sa'o'i ya tattara komatsansa? Duk ranar da masu nishaɗi suka fi masu sana'a murya a wurin hukuma, ana buƙatar doka mai ƙarfi da za ta tsaya wa mai rauni.

Kuma a nan ƙasar mai raunin nan shi ke ciyar da mu. Hukumomi kan ce Najeriya na buƙatar kifi sama da tan miliyan 3 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Giɓin shi ne daskararren kifin da ake saya da dala daga ƙasashen waje, wanda ke isowa har Kano da Sakkwato a motocin ƙanƙara. Mafi yawan ɗan abin da muke kamawa da kanmu daga hannun masu kwale-kwale yake fitowa, Egun da Ilaje da Ijaw a gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, da Sarkawa da sauran masunta a koguna da tafkuna. Wanda ya shiga kasuwar kifi ta Epe ya ga matan da ke riƙe da cinikin zai gane yawan bakin da ke ci daga kwale-kwale ɗaya. Rushe ƙauyen masunta rage abinci ne a kasuwa, ƙara wa dala nauyi ne kuma.

Tun watan Agustan 2023 muna da ma'aikatar tarayya ta musamman mai kula da harkokin teku da tattalin arzikinsa. Ga NIWA, hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya mai hedikwata a Lakwaja, ga takwararta LASWA ta jihar Legas, waɗanda suka daɗe suna jayayya a kan wa ke da ikon karɓar kuɗi a ruwan Legas har sai da magana ta kai Kotun Ƙoli. Da za a ba rabin wannan himma ga tambayar me za a yi da kuɗin, da an ga canji. Kowane jirgin shaƙatawa ya biya kuɗin rajista gwargwadon girmansa, mai fita teku da fatsa ya yanki lasisi, a ware kuɗin a asusun da ba a taɓawa sai don gina matsayar jirage ta jama'a, da sayen rigunan kariya, da koya wa yaran makarantun gwamnati iyo. A ƙayyade gudun jirgi a kusa da ƙauyukan masunta. A zana taswirar waɗannan ƙauyuka a ba su takardar mallaka, domin wanda ke da takarda ba a korarsa da sanarwar rediyo. A kowace ƙaramar hukuma da ke gaɓa a bar fili ɗaya na yashi wanda babu ƙofa babu tikiti.

Akwai ma inda buƙatar ɓangarorin biyu ta haɗu ba tare da kowa ya yi sadaukarwa ba. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana manyan jiragen da ke jan raga a ƙasan teku shiga mil 5 na farko daga gaɓa, an bar wannan yanki ga ƙananan masunta. Masuntan sun daɗe suna kukan cewa jiragen na shigowa da dare, suna kwashe manya da ƙanana, suna tafiya da ragunansu. Kifin da ake kwashewa shi ne abincin barakudar da mai fatsar Asabar ke nema. Masunci yana ganin jiragen amma ba shi da wanda zai gaya wa. Mai farin jirgi kuwa yana da na'urar da ke nuna daidai inda yake a teku, yana da kyamara, yana da lauya, kuma akwai kwamishina ko babban hafsan sojan ruwa da suke cin abinci a teburi ɗaya a ƙungiyarsu. Ina kira ga shugabannin waɗannan ƙungiyoyi na Ikoyi da Victoria Island su gayyaci shugabannin masuntan Makoko da Epe da Badagry su zauna, su fara da wannan mil 5 ɗin, su riƙa kai rahoton duk jirgin da ya keta shi da hoto da lamba. In kuma aka sake liƙa takardar wa'adi a wani ƙauyen bakin ruwa, su aika lauyoyinsu kotu tun katafila ba ta iso ba.